Maki 3.8 da sandar besbol: wa ya isa a kira shi haziƙi?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya. Kun san Sadik yana buga wa jami'arsu besbol, shekararsa ta uku ke nan. A makon nan sunansa ya fito a jerin da ake kira Academic All-District, wato na 'yan wasan da suka haɗa fili da aji ba tare da ɗaya ya kā da ɗaya ba. Makinsa 3.8. Kun san abin da makarantar ta yi masa? Layi biyu a shafinta, shi da wasu yara uku, ko hoto ba a sa ba. Ba sisi, ba ragin kuɗin makaranta. Amma yaron da ya doka ƙwallo ta tsallake shinge sau biyu a wasa ɗaya, kwana uku ana yawo da bidiyonsa. Ni da idona na ga Sadik a watan Maris, cikin azumi. Sun buga wasa biyu a jere rana ɗaya, ya dawo masauki da ƙanƙara ɗaure a kafaɗa, ya sha ruwa da dabino da guntun burodi, ya buɗe kwamfuta a kan gado yana rubuta rahoton kemistiri har ƙarfe ɗaya na dare. Yaro haziƙi irin wannan a ce layi biyu ne haƙƙinsa? Wallahi Amurkar nan hannun ɗan wasa kawai take so, ba ruwanta da ƙwaƙwalwarsa.

Maman Iman: Masha Allah! Allah ya ƙara masa basira, ya tsare mana shi. Ni kam na taya ka murna, Alhaji.

Malam Habu Lakcara: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Amma Alhaji, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 3.8 maki ne mai kyau, sai dai kalmar haziƙi ta yi nauyi. A wurinmu a Najeriya sai ɗalibi ya kai 4.5 kafin a ce ya fita da daraja ta ɗaya. Mai 3.8 yana cikin babbar daraja ta biyu. A ce mai ƙoƙari, wannan na yarda.

Maman Iman: Haba Malam. A Amurka bisa 4 ake lissafi, ba bisa 5 ba irin na gida. 3.8 cikin 4 kusan duk darussansa A ya ci.

Malam Habu Lakcara: To na ji, bisa 4 ne. Amma maganata tana nan. Shekara goma sha tara ina riƙe da alli, kafin in ba yaro 70 sai ya yi gumi. Su can A ɗin nan kamar gyaɗa ake rabawa.

Maman Iman: A nan a yawancin makarantu sai ka ci 90 kafin a ce A. Ni na yi karatun jinya a Maryland da goyo a baya, ba wanda ya raba mini komai.

Abu Damagaram: Mu a Nijar bisa 20 ne. Wanda ya samu 16 ana nuna shi da yatsa a gari. Nawa ne 3.8 ɗin nan a lissafinmu?

Injiniya Ɗanjuma: Ni ba maki ne ya dame ni ba, makin ɗan wasa ne. Kun manta abin da ya faru a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill? A 2014 rahoton bincike ya fito, aka gano daga 1993 zuwa 2011 akwai darussan da ba a shiga aji, ba malami, takarda ɗaya za ka miƙa a ba ka maki mai tsoka. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa ne, don a riƙe su a fili. Tun daga lokacin, in aka ce mini ɗan wasa ya ci maki, sai na tambayi wane kwas yake yi.

Baban Sadik: Injiniya, me kake nufi? Ɗana ne ya sayi maki? Na ce maka kemistiri, ka karanta rubutuna kuwa?

Injiniya Ɗanjuma: Ban ambaci sunan ɗanka ba, Alhaji. Magana ce ta gaba ɗaya.

Baban Sadik: Ƙarƙashin maganar ɗana ka kawo ta. In ka jefa dutse a kasuwa ai ka san kan wani zai faɗa.

Usman Ohayo: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, tunda ina makaranta a nan kuma na yi aiki a ofishin wasanni na makarantarmu. Na farko dai wannan jerin ba jami'a ce take fitar da shi ba. Ƙungiyar jami'an yaɗa labaran wasanni na kwalejoji ce, wadda da ake kira CoSIDA, a 2022 ta koma College Sports Communicators. Tun 1952 ake zaɓen Academic All-America, wato jerin na ƙasa baki ɗaya. Sai kana da 3.5 zuwa sama, ka wuce shekarar farko, kuma kana buga wasa da gaske, ɗan benci ba ya shiga. Daga jerin da Sadik ya shiga ne ake tace wasu, a kaɗa ƙuri'a, a fitar da na ƙasa baki ɗaya. Kuma lambar suna ce, ba ta zuwa da kuɗi ga kowa. Ko Buster Posey da ya zama gwarzon wannan jerin a besbol a 2008 yana Florida State, kuɗinsa daga ƙungiyar ƙwararru ta San Francisco Giants suka zo da ta ɗauke shi a wannan shekarar. Baba, abin da ya kamata a tambayi makarantar shi ne ko tana da tallafin da take ba masu maki, wannan ofis daban ne.

Malam Habu Lakcara: Kun ji ko? Ma'aikatan yaɗa labarai ne suke zaɓa, ba majalisar malamai ba. Ni abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Usman Ohayo: Malam, ai makin ba su suke bayarwa ba, malaman aji ne. Su tattarawa kawai suke yi.

Alhaji Zango: Malam Habu, ka bar zagaye-zagaye. Duk lokacin da yaron mutanen Gana ya yi abin kirki a zauren nan sai ka fito da jan biro. Bara da ɗiyata ta gama, kai ne ka ce jinya ba likitanci ba ce. Yau kuma yaron ɗan'uwana ba haziƙi ba ne. Da ɗan Zariya ne da tuni ka rubuta masa waƙa.

Malam Habu Lakcara: Subhanallah. Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ni ban ma san Baban Sadik mutumin Kumasi ba ne.

Alhaji Zango: Ka sani sarai. A gidansa ka ci wake da shinkafa ranar sunan ƙanwar Sadik ɗin.

Maman Iman: Kuma maganar jinyar nan ban manta ba. Na yi shiru ne kawai a lokacin.

Garba Mai Tasi: Ni tambayata, wai mene ne sunan wasan nan da Hausa? Ni ƙwallon sanda nake ce masa.

Abu Damagaram: Ƙwallon gora ne.

Garba Mai Tasi: A'a, ƙwallon gora shi ne wanda ake kora ƙwallo a ƙasa da sanda mai lanƙwasa. Wannan kuwa jefo maka ake yi ka doka ka ruga.

Abu Damagaram: To ai duk sanda ce. Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa mini 3.8 nawa ne bisa 20.

Yaya Rabi: Ni yayar Baban Sadik ce, ni na yi wa yaron nan wankan jariri. Yana shekara tara ya sauke izu biyar a makarantar Asabar da Lahadi a Bronx. Wanda bai san shi ba ya kama bakinsa. Haziƙi ne, ko ana so ko ba a so.

Malam Habu Lakcara: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ba raina jininki nake yi ba. Haziƙi a Hausa shi ne wanda ake faɗa masa abu sau ɗaya ya kama, har ya gano wanda ba a faɗa ba. Wanda yake raba dare yana karatu sunansa mai himma, ko mai naci. Babansa da kansa ya ce har ƙarfe ɗaya yake kaiwa. Wannan himma ce.

Yaya Rabi: Wato haziƙi ba ya karatun dare? Malamanmu na zaure da suka tsufa a kan fitilar aci-bal-bal duk daƙiƙai ne ke nan?

Maman Iman: Yana kaiwa ƙarfe ɗaya ne don rana ta tafi a fili, Malam. Ba don kansa ba ya ja ba.

Usman Ohayo: Gaskiyar Mama. A rukuni na ɗaya na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ana iya buga wasa har 56 kafin a shiga gasar ƙarshe, daga tsakiyar Fabrairu zuwa Mayu, daidai zangon karatu na biyu. Yawanci Juma'a, Asabar da Lahadi ana fili, ga wani wasan a tsakiyar mako, ga tafiyar bas ta awa shida ko takwas. Dokar ta ce atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako, amma zaman bas da jinyar rauni ba sa cikin lissafin. Kuma shekaru da yawa tallafin karatu 11.7 kacal aka yarda ƙungiyar besbol ta raba wa yara kusan talatin, shi ya sa yawancinsu iyaye ne suke cikasa kuɗin. Sai a Yunin 2025 da kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, aka cire wannan iyakar ga makarantun da suka shiga tsarin, aka ƙayyade 'yan wasa 34.

Baban Sadik: Allah ya yi maka albarka, Usman. Kashi ɗaya cikin huɗu suke biya masa. Sauran daga sitiyarin motata yake fitowa.

Injiniya Ɗanjuma: To ka ga wannan ba wasa ba ne, aiki ne. Ku daina cewa wasa. Kalmar ɗalibi ɗan wasa ma NCAA ce ta yaɗa ta a shekarun 1950 zamanin shugabanta Walter Byers, don kada kotu ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata a biya su diyya in sun ji rauni. Shi Byers ɗin da kansa ya faɗi haka daga baya. Lambar nan ado ce ake rataya wa tsarin.

Alhaji Zango: Ɗazu ka ce makin na bogi ne, yanzu kuma yaron ma'aikaci ne. Ka tsaya wuri ɗaya mana.

Injiniya Ɗanjuma: Ban ce na bogi ba ne. A koma sama a karanta.

Garba Mai Tasi: In aiki ne, ni ban ga amfanin sa yaro ciki ba. Cikin dubu nawa ne suke zama ƙwararru? Gara ya bar sandar ya fuskanci likitanci.

Yaya Rabi: Garba, naka yaran wane likitancin suke yi?

Garba Mai Tasi: Hajiya, kada ki sa yarana a ciki.

Yaya Rabi: Kai ma ka cire namu.

Maman Iman: Craig Breslow fa? Yale ya gama a 2002, ilimin sinadaran jiki ya karanta, ya yi shekaru yana jifa a babbar gasar besbol ta ƙwararru, ya ci kofi da Boston Red Sox a 2013. Sanda ba ta hana shi karatu ba.

Malam Habu Lakcara: Wannan Yale ce. Ba kowace makaranta ce Yale ba.

Alhaji Zango: Ka ji ko! Yanzu kuma makarantar yaron ce ba ta kai ba.

Malam Sani, shugaban zaure: Jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari. Bari in taƙaita abin da aka cimma. An yarda Sadik yaro ne mai himma, muna yi masa fatan alheri. An kuma fahimci cewa lambar ba daga malamai take fitowa ba, don haka bai kamata a ɗora mata nauyin da ba nata ba, kamar yadda Malam Habu ya yi bayani cikin natsuwa da ilimi. Mu da muka koyar mun san bambancin himma da hazaƙa, kuma ba laifi ba ne malami ya tsare ma'anar kalma. Injiniya ya kawo hujja mai ƙarfi cewa makin 'yan wasa abin a bincika ne. Abin takaici wasu sun mai da gyara gaba, har aka shigo da ƙasa da dangi. Ina roƙon Alhaji Zango da Hajiya Rabi su sassauta harshe nan gaba.

Alhaji Zango: Ni kaɗai da Hajiya ka gani? Wanda ya ɗauka bisa 5 ake lissafi fa, ba ka ga nasa ba? Da ma tare kuka yi makaranta.

Maman Iman: Ba a yarda da komai ba, Malam Sani. Ni ban yarda ba. Kuma duk bayanin Usman ko kalma ɗaya ba ka ɗauko ba.

Baban Sadik: Ni ban tambayi kowa ma'anar haziƙi ba. Cewa na yi makarantar ba ta kyauta masa ba, kuma har yanzu ba wanda ya ce mini ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Usman, turo mini sunan ofishin tallafin nan ta waya, gobe Litinin ba na fita aiki da safe, zan kira su. Yaya Rabi, layi biyun nan zan buga a takarda in kawo miki.

Yaya Rabi: Ka buga biyu. Ɗaya zan aika Kumasi wa Inna.