Kayan sauti ko canjin mota? Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ina tari, yanzu kuɗin sun kai su sayi mota ta hannu mai ɗan kyau. Wadda nake hawa tana tafiya lafiya, sai dai ta kwana biyu, fenti duk ya koɗe. Ni kuwa abin da raina ke so shi ne sifika biyu na KEF, da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta Marantz, da garmaho. Da na faɗa wa yayana dariya ya yi, wai zan zuba kuɗin mota a akwatunan katako. Uwargida ba ta ce uffan ba, amma na ga fuskarta. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in mota ka saya kowa sai ya ce Allah ya sanya alheri, in kayan sauti ne sai a kira shi almubazzaranci. A mota ba na wuce minti 40 a rana, amma kowane dare sai na yi awa biyu ina sauraro. Wauta zan tafka?

Injiniya:
Wa alaikumussalam. Lissafinka yana kan hanya. Mota tun ranar da ta shigo gida take ci: mai, juye, tayoyi, inshora, bakanike, ga darajarta kullum ƙasa take yi. Sifika kuwa ba ta shan komai sai wuta. Kamfanin Klipsch tun 1946 yake ƙera sifikar Klipschorn, amfilifayar McIntosh MC275 ta fito a 1961, kuma har gobe akwai masu sauraro da tsofaffin. Abin da kan lalace shi ne soson bakin sifika da ke ruɓewa, ko kafasito, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikin na'ura, ya bushe, duk kuma ana canza su.

Sai dai kafin ka ciro ko sisi, shiga ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji amsa-kuwwa tana bin bango, to ɗakin ne zai fara cinye maka kuɗin. Tayil da gilashi da bango fayau suna dawo da sauti, ya cakuɗe. Kafet, labule mai kauri, da janye sifika daga jikin bango sun fi sabuwar amfilifaya gyara murya. Kada kuma yawan wat, wato ma'aunin ƙarfin amfilifaya, ya ruɗe ka: ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal za ka ƙaru da shi a ma'aunin ƙarar sauti. Wayoyin haɗa sifika masu ɗan karen tsadar nan kuwa, na taɓa rufe ido aka yi ta sauya mini su da na jan ƙarfe na yau da kullum, wallahi na kasa bambancewa.

Hajiya:
Ɗan'uwa, ku maza kuna ta lissafin wat kun manta da fuskar da ya ce ya gani. Mota ta gida ce gaba ɗaya: kai yara makaranta, asibiti da tsakar dare. Kayan nan kuwa, maigidana yana da irinsu, kujera ɗaya tak ce a tsakiyar sifikun inda sautin ke zama daidai, kuma kun san mai zama a kanta. Ban ce kada ka saya ba. Ka zaunar da ita ka tambaye ta abin da take tsoro. Wataƙila ba ƙyashin kayan take ba, tsoron ranar da motar za ta tsaya muku a hanya take.

Kawu:
Yaro, mota ana ganinta a titi, shi ya sa ake yi maka barka. Abin da ke cikin ɗaki ba mai gani, kada ka jira yabo. In za ka saya, saya da sauran kunnenka. Kunnen matashi yana kama girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, shekaru kuma suna zaftare siraran muryoyin a hankali. Ni yanzu kaɗan nake ji daga ƙarar kuge. Kuma kada ka riƙa ƙure murya, desibel 85 na awa 8 shi ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka shata. Ka nemi na hannu, ka tafi da waƙoƙin da ka haddace ka gwada.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Injiniya, na tafa hannu, ɗakin kamar cikin rijiya. Hajiya, kin canka: mun yi magana jiya, ashe giyar motar ce ke damunta, ta ce tana fizga in ta ɗauke ta. Gobe bakanike zai duba, daga nan sai kafet da labule. Abin da ya rage zan nemi sifikun na hannu da amfilifaya, garmaho ya jira baɗi. Ta kuma kafa sharaɗi: kujerar tsakiyar ta zama mai cin mutum biyu.