Sunkuyon gaisuwa a tekwando: ku ya kuka yi da shi?

Maman Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa yin tekwando ko suka sa 'ya'yansu su ba mu labarin abin da suka gani da idonsu, ba an ce an ce ba. Yarona ɗan shekara tara ne, makarantarsu sun ɗauko koci yana koya musu ranar Asabar, shi kam abin ya shiga ransa, kullum yana tsakar gida yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu da yaren Koriya, hana, dul, set, net, yana harbin iska. To babansa ya je ɗauko shi ya tarar an jera su, koci ya daka tsawa duk suka sunkuya masa, shi ke nan ya ce bai yarda ba sai ya bincika, ɗansa ba zai yi wa ɗan Adam ruku'u ba. Ni kuma gaskiya ina ganin canji a yaron, yanzu shi yake ninke kayansa da kansa kuma ya rage tsokanar ƙannensa, ba na so a cire shi amma kuma ba na so mu saɓa wa Allah. Ku ya kuka yi?

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe a harkar nan, baƙin bel gare ni dan na uku, dan shi ne matakin masu baƙin bel, bari in faɗa miki yadda abin yake tun daga bakin ƙofa. Ɗakin tirenin ɗin sunansa dojang, takalmi a waje ake barinsa, in za ka shiga ka ɗan sunkuyar da kai, sannan a jeru bisa launin bel, manya a gaba ta hannun dama, masu farin bel can baya. Babban ɗalibi ya ce caryot, kowa ya ƙame ƙafa a haɗe hannu a gefe, ya ce kyongne, a sunkuya. Abin da maigidanki ƙila bai tsaya ya gani ba shi ne kocin ma yana sunkuya wa yaran a lokaci guda, kuma in aka haɗa mutum biyu za su fafata kowa sai ya gaida ɗan uwansa kafin a fara da bayan an gama, ko da wanda ya sha kashi ɗan shekara bakwai ne. A dokar gasa kamar digiri 30 ake so a lanƙwasa daga ƙugu, hannu ba ya zuwa gwiwa, bai kai ruku'un sallah ba.

Amma duk da haka mu a kulob ɗinmu mun zauna mun yi magana saboda iyaye da yawa sun kawo irin wannan ƙorafin, sai muka daina sunkuya wa tuta kwata-kwata, gaisuwar tsakaninmu kuma muka mayar da ita ƙamewa da ɗora hannun dama a ƙirji da ɗan gyaɗa kai. Ba abin da ya ragu a tarbiyyar yaran wallahi. Inda ba ka da yadda za ka yi shi ne filin gasa, alƙalin wasa zai ce caryot kyongne kafin ya ce shijak, wato a fara, to nan kowa da abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Abu Safwan

Ni ina tare da maigidanki Hajiya, kar ki ga kamar ya tsananta. Akwai hadisin Anas da aka tambayi Manzon Allah (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Lokacin da na shiga kulob a jami'a ranar farko na ja kocinmu gefe, Kirista ne mutumin kirki, na ce masa yallaɓai zan yi duk abin da ka ce in yi, gudu, tsallen kwaɗo, sharar ɗaki, amma ba zan sunkuya ba. Ya dube ni ya ce to ka tsaya a ƙame ka kalli wanda kake gaisarwa, kar in ga kana waige-waige. Haka na yi har na kai shuɗin bel ba wanda ya taɓa ce min uffan. Shawarata baban Khalifa ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa, sannan ya je ya sami kocin a mutunce, yawancinsu suna fahimta.

Na Daejeon

Ni karatu ya kawo ni Koriya ta Kudu kuma ina zuwa wani ƙaramin dojang a unguwarmu da daddare, bari in ba ku yadda abin yake a gidansa. A nan sunkuyo ba na tekwando ba ne shi kaɗai, gaisuwar gari ce, mai shago zai sunkuya maka, ɗalibi ya sunkuya wa farfesa, mai karanta labarai a talabijin ma da shi yake buɗe shiri. Suna da wani babba da suke kira keunjeol wanda ake durƙusawa har goshi ya kusa ƙasa, ana yi wa iyaye da kakanni ranar sabuwar shekararsu ta Seollal, wannan kam na faɗa wa abokaina tun farko ba zan yi ba kuma ba su ji haushi ba, a dojang ɗinmu ma ban taɓa ganin an yi shi ba.

Abin da ya fi burge ni ƙananan abubuwan ne da ba a rubuta a bango ba. In rigarka ta dobok ta kwance kana tsakiyar atisaye ba ka gyarawa a gaban malami, sai ka juya baya ka ɗaure bel ɗinka ka juyo. In sabomnim, wato malamin, zai miƙo maka abu ko da takarda ce hannu biyu za ka sa, in kuma musabaha ce hannun hagu yana tallafe da na dama, sak yadda muke gaida dattawa a gida. Akwai daren da na ga wani dattijo da ya haura sittin, sabon shiga da farin bel, ya tsaya a bayan wata yarinya 'yar sakandare mai baƙin bel a layi, ita ke gyara masa tsayuwar ƙafa a Taegeuk na ɗaya, jerin motsin da masu farawa ke koya, amma da aka tashi ita ce ta ruga ta juya masa takalmansa suka fuskanci waje don ya sa cikin sauƙi. A kan tabarma bel ne ke gaba, da an sauka shekaru sun karɓi matsayinsu.

Yara kuwa ƙananan motoci ruwan ɗorawa ne suke ɗauko su daga makaranta su kai su dojang su mayar gida, kuma iyaye da yawa a nan ba don faɗa suke biyan kuɗin ba, don yaro ya koyi gaisuwa da zama wuri ɗaya ne.

Ɗan Maraɗi

Sannunku 'yan uwa. Mu nan Nijar abun ya samu karɓuwa sosai tun da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a Olamfik na Rio 2016, wanda rabonmu da lambar Olamfik tun tagullar Issaka Dabore a damben zamani 1972, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya a Muju can Koriya. Bayan nan yara sunka cika kulob-kulob, kowa na son ya zama Alfaga. Ni maganar sunkuyo ba ta taɓa tada muna hankali ba, kai kawai muke ɗan duƙarwa, abin da ya zamna mini a rai daban ne. Metir ɗinmu, wato kocinmu, kullum kafin a watse sai mun faɗi ƙa'idodi biyar da ƙarfi, ladabi, riƙon gaskiya, juriya, kamun kai, da zuciyar da ba ta karaya. Janar Choi Hong Hi ne ya tsara su, wanda ya kafa ƙungiyar tekwando ta ITF a 1966, wadda ba ita ke shirya na Olamfik ba, amma kulob da yawa na ɓangaren Olamfik ma suna karanta su.

Akwai wani yaro cikinmu mai jan bel, duk ya fi mu ƙafa, sunka yi rigima da wani a lakwal ya sa mishi ƙafa a haƙarƙari har anka kai shi likita. Da labari ya iso metir bai zage shi ba bai taɓa shi ba, ya ce ya kwance bel ɗinshi a gaban kowa, ya ninke ya sa aljihu, ya miƙa mishi fari ya ce koma ƙarshen layi. Yaron da ke tsayawa gaba ya koma bayan 'yan shekara shida, shi ke share tabarma, kuma sai da ya tafi tare da mahaifinshi gidan wancan yaron sunka ba da haƙuri kafin a fara maganar maido mishi da jan. Mun ga hawaye a idonshi ranar amma bai bar zuwa ba. Hajiya ki duba ko kocin ɗanki irin wannan ne, shi ya fi muhimmanci a wajena.

Baban Ummi

Ɗan Maraɗi ka yi sa'ar malami. Ni na cire 'ya'yana biyu daga wani wuri saboda kocin ya fake da sunan ladabtarwa yana azabtar da yara, ɗan shekara takwas a sa shi ya dafa dunƙulen hannu a kan tsakuwa cikin rana har fata ta saluɓe, in ya yi kuka a ce ba shi da juriya, mari kuwa ba a magana. Kuma kowane 'yan watanni a ce a kawo kuɗin jarrabawar bel, yaro bai iya komai ba an canja masa launi. Hajiya ke da maigidanki ku je ku zauna ku kalli darasi guda daga farko har ƙarshe, kar ku sanar za ku zo. Koci na gari ba ya hana iyaye kallo.

Ɗan Fagge

Gaskiya ne Alhaji, irin waɗannan su suke ɓata mana suna. Ku nemi ya nuna muku takardar dan ɗinsa ta Kukkiwon, hedikwatar tekwando da ke Seoul wadda aka buɗe a 1972, takardar tana da lamba. Kuma duk wanda ya ce zai ba yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikakken dan ku sa masa alamar tambaya, a tsarin Kukkiwon yara poom ake ba su, bel rabi ja rabi baƙi, sai sun kai shekarun a mayar musu da shi dan.

Hauwa mai jan bel

Yaya Ɗan Fagge sannu da ƙoƙari. Anti Maman Khalifa ni tawa damuwar da na fara ba sunkuyon ba ne, musabaha da maza ce da kuma sutura. Na faɗa wa malamarmu, Allah ya taimake ni mace ce, ta ce in sa ƙaramin hijabi mai kama kai in cusa shi cikin wuyan dobok don kar ya rufe min ido in na juya, in sa riga mai dogon hannu a ciki, kuma a gasa ma an yarda da shi a ƙarƙashin hular kariya, Hedaya Malak ta Masar da hijabinta ta ci tagulla a Rio 2016 ta sake ci a Tokyo. Ranar jarrabawar jan bel ɗina manyan malamai uku ne maza suka zauna a tebur, na yi pumse, wato jerin motsin da ake haddacewa, na fasa katako da harbin gefe, da aka kira sunana na karɓi bel ɗin da hannu biyu na ɗora hannu a ƙirji, babban cikinsu har ya fara miƙo hannu sai ya gane ya janye shi ma ya dafa ƙirjinsa. In ana haɗa abokan atisaye kuma da mata ake haɗa ni, ranar da ba mace sai in yi da jakar duka. Wanda ya san kulob a Kaduna da ke da ajin mata zalla don Allah ya faɗa min, ƙanwata ta koma can da aure tana so ta ci gaba.