Abin da aka tattauna kan daɓen ƙasa ga mai gina gidansa a Birnin Kebbi

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga shawarwarinku.

1. Kowa ya yarda cewa ciko ne tushen aikin. A zuba jan ƙasa kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Wanda ya yi gaggawa, bayan damina ɗaya zai ƙwanƙwasa tayil ya ji yana ƙara kamar ganga, daga nan sai tsagewa.

2. Maganin gara da shimfiɗa leda kafin zuba kankare. Masu filaye kusa da fadama sun fi nanata wannan, don danshi na tasowa ya ɓata fentin gindin bango.

3. A binne bututun ruwa tukuna, a gwada shi. Kankare kuma a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7.

4. An rabu kan tayil da siminti. Wasu sun ce tayil ya fi sauƙin gogewa, wasu sun ce santsinsa haɗari ne ga tsofaffi wajen alwala. Ni ina tare da masu cewa a sa mai kaushi a banɗaki da tsakar gida.

5. Ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe, da bututun ruwan zafi ko wayar lantarki, kamar yadda ake yi a Koriya da Turai: yawanci sun ce ba namu ba ne. Hunturunmu gajere ne, zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ga matsalar wuta. Kaɗan suka ce darduma mai kauri ta wadatar a Janairu.