Wai Bature ne ya kawo wa Kano daudu?

Laminu: Salamu alaikum 'yan fada. Jiya wurin shayi a Bukoki, Sani ya ce luwaɗi da maɗigo kayan Turawa ne, wai ko Kano da girmanta ba ta san su ba sai da aka kafa parabol. Na ce sai an kawo maganar nan gaban manya.

Sani: Ina nan kan bakana. Tutar nan mai launin bakan gizo ta wa ce? Tun rikicin mashayar Stonewall a New York a 1969 'yan luwaɗinsu suke fita maci, yanzu sun biyo mu da kuɗi.

Alhaji Isufu: Tuta tasu ce, ɗana, ban musa ba. Amma ni tun zamanin Kunce nake fatauci Kano. In ka sauka tasha da dare, wa ke soya kaji? 'Yan daudu. Ɗaurin ƙirji, hannu a ƙugu, ana juya miya ana zuba habaici, wannan ya ce wa wancan "ƙawata", babbansu kuma "uwa". A Sabon Gari su ne 'yan aiken gidajen mata masu zaman kansu. Lokacin ko talabijin ba kowane gida ba. Kuma tuwonsu, gaskiya, ya fi na masu abinci da yawa.

Hajiya Rabi: Alhaji, kar a haɗa. Daudu daban, luwaɗi daban. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Kuma tushen abin yana jingine da bori, wajen iskan nan Ɗan Galadima, ba da Landan ba.

Sani: To kin ga Hajiya ta taimake ni. Sana'a ce kawai.

Hajiya Rabi: Ban taimake ka ba. Cewa na yi ba duka ba. "Masu harka" da ake faɗi a Kano ba dillalan goro ake nufi ba, maza masu neman maza ne.

Musa lauya: Ku bar ni in sa baki ta fannin doka. Ingila da kanta ɗaure mutane take kan wannan, a 1952 ta hukunta masanin lissafi Alan Turing, ba ta sassauta ba sai 1967. Ɗaurin shekara 14 da ke kundin laifuffukan Nijeriya gadon Ingilishi ne. Faransa kuwa ta cire shi daga jerin laifuffuka tun 1791, shi ya sa dokar da muka gada a Nijar ta bambanta. Wanda ya zo da kurkuku ne za a ce ya zo da abin?

Sani: Maître, kafin Lugga ya ci Kano a 1903 babu alƙalai? Hukuncin yana cikin Risala, a zaure muka karanta.

Musa lauya: Yana ciki. To malaman da suka yi ta karantar da babin, don Turawan da ba su zo ba suke yi?

Sani: Karanta babi ba shaida ba ce cewa ana yi. Ana karanta zakkar raƙuma a garin da babu raƙumi.

Alhaji Isufu: Wannan ka burge ni. Amma abin da ido ya gani fa? Bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, sai Hisba, sai dokar Jonathan ta 2014 mai hana auren jinsi, 'yan daudu suka ja jiki. Ku yara kun taso ba ku gan su a fili ba, sai a waya, shi ya sa kuke cewa baƙo ne.

Laminu: Baba, kenan halal ne?

Alhaji Isufu: Wa ya ce? Haramun ne, giya ma haramun ce, amma burkutu ba daga Faransa aka kawo shi ba.

Sani: Ni dai a kawo min shaidar kafin 1903. Na Alhaji duk bayan Bature ne.

Hajiya Rabi: Kuma duk surutun nan na maza ne. Na cikin kulle babu wanda ya shiga ya rubuta, sai ku yi ta yi.