Tsohon babur yana yoyon baƙin mai duk da sabon gasket: me kuka gani a naku?

Mai Roadmaster, Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Honda CD200 da na gada wurin mahaifina. An buɗe injin, an sa sababbin gasket, an canja oyil sil na wajen sufuroket, amma in na yi tafiya mai ɗan nisa sai in tarar da gindin silinda ya jiƙe, har mai yana taɓa min ƙafar wando. In ya kwana a ajiye kuwa ko ɗigo babu. Bakanikena ya ce tsufa ne kawai, in haƙura. Waɗanda suka taɓa riƙe irin waɗannan babura, don Allah ku faɗa min abin da kuka gani.

Tsohon Bakanike, Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun da ka ce ba ya zuba a ajiye sai yana aiki, to bar zargin gasket tukuna, je ka duba tiyon numfashi. Wannan siririn baƙin tiyon da ya fito daga injin ya sauka ƙasa, bakinsa a buɗe, wanda yara ke ɗauka ba shi da aiki.

Duk saukar da fistin zai yi, yana matse iskar da ke ƙasansa, inda karanshaf ke juyawa. Ga kuma ɗan hayaƙin da ke silalewa ta gefen ringin fistin ya faɗa can ƙasa, ko a sabon inji. Dole iskar nan ta samu hanyar fita. CD175 da CD200 fistin biyu ne masu hawa tare su sauka tare, don haka matsin ya fi na injin da ɗaya ke hawa ɗaya na sauka. In tiyon ya toshe, iskar za ta nemi wuri mafi rauni ta fita, ta tura mai a gabanta: sil, gindin silinda, har murfin zuba mai.

Abin da na fi cirowa daga tiyon nan a garejina shi ne ginin zanzaro. Babur ya daɗe a jingine a zaure, zanzaro ya shiga ya cika bakin da laka, ta bushe. Bayan ita sai ƙurar hunturu da ta haɗu da maiƙo ta daskare. Akwai kuma masu naɗe tiyon su ɗaure da waya wai don kada ya ɓata musu taya. Cire shi ka hura da baki, in bai wuce ba ka samu ɓarawonka.

Ɗan Maraɗi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma nawa ba toshewa ba ce. CG125 ce tsohuwa, tiyon a buɗe yake sarai, sai dai ta nan ɗin man ke fita yana feshe tayar baya. Ashe yaron da ke canja min mai yana aunawa ne babur na kishingiɗe a kan ƙaramar ƙafa, sai ya ga kamar bai kai ba, ya ƙara. A Honda, babur a miƙe ake aunawa, kuma ɗora ma'aunin ake yi a bakin ramin, ba a murɗa shi ciki. Da aka rage man ya koma daidai alama, feshin ya tsaya.

Mai Vespa, Jos:
Mu namu daban ne, inji mai cin gauraye, ta cikin injin fetur da iska ke bi, don haka a rufe yake ruf. Amma ko mu akwai ɗan hujin numfashi da ke kan murfin kuloci saboda man giya, in ya toshe ana ganin jiƙa. Ina dai biye da ku.

Ɗan Arewa a Birmingham:
Bari in kawo muku na nan Ingila, inda aka ƙera BSA da Triumph da Norton. Ina da Triumph Bonneville mai 650, ta shekarun 1960, ita ma fistin biyu masu tafiya tare. Turawan da ke riƙe da su har barkwanci suke yi cewa in ba ta ɗiga ba to babu mai a ciki. A irin tawa numfashin ta wani ɗan faifai yake bi, wanda kamshaf ke juyawa yana buɗewa yana rufewa, kuma hanyar ta yi ƙanƙanta. Kamfanin da kansa ya sauya tsarin a 1970, ya bar injin yana numfasawa ta akwatin sarƙar kuloci.

Abin da mutane da yawa ke yi a nan shi ne sa bawul mai barin iska ta fita ba ta dawo ba. Na sa shi, kuma yoyon gindin silinda ya ragu ƙwarai, domin cikin injin ya koma yana ɗan zuƙa maimakon turawa. Sai dai akwai wata matsala da ku masu Honda ba ku da ita. Man waɗannan babura a tanki daban yake zama. In babur ya yi hunturu a ajiye, man yakan silale ta famfo ya taru a ƙasan injin, ranar da ka tada shi sai ya amayo ta tiyon, bututun salansa kuma yana hayaƙi. Sanyi ma yana sa raɓa ta taru ciki, ka ga farin kumfa a tiyon in gajerun tafiye-tafiye kake yi.

Tsohon Bakanike, Kano:
Alhaji, bawul ɗin nan yana aiki, amma ban yarda a fara da shi ba. In ringi ya mutu, ko bawul goma ka sa ba za su kwashe hayaƙin ba. Ga gwajin da nake yi: in injin ya yi zafi, ɗaura leda a bakin tiyon. In tana kumbura tana motsewa, numfashi ne na lafiya. In ta cika tam nan take tana warin hayaƙi, ringi ne ko silinda ta ci, sai a je borin, wato a faɗaɗa ramin silinda.

Kuma ina roƙon masu shafa gam a kan gasket su rage hannu. Na buɗe injina da yawa na tarar da gam ya tsinke ciki ya toshe hanyar da mai ke hawa sama, kamshaf ya ƙone. Yoyo ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai Roadmaster, Zariya:
Baba, Allah ya saka da alheri. Na cire tiyon, ba laka a ciki, amma ya tsufa ya lanƙwashe a bayan injin har ya manne, iska ba ta wucewa. Na sa sabo, na wanke injin da kananzir don in ga inda sabon mai zai ɓullo. Gindin silinda ya bushe, sai dai wajen sufuroket har yanzu yana ɗan jiƙa. Ledar kuma kumbura take tana motsewa.

Tsohon Bakanike, Kano:
To ringinka lafiya lau. Wancan sil ɗin wataƙila matsin baya ya riga ya ture shi daga mazauninsa, ko sandar da yake kamawa ta yi tsagi. Cire sufuroket ka shafa sandar da farce kafin ka sayi wani.