Zaɓe na 3 a gasar fantasi ta besbol: Witt ko Soto?

Sabon shiga: Jama'a, gasarmu ta fantasi (inda kowa ke zaɓar 'yan wasan gaske ya haɗa ƙungiyarsa, ana ƙirga masa abin da suka yi a fili) ta mutum 12 ce, tsarin rukunin ƙididdiga biyar na bugu, biyar na jifa. Ni ne na uku a jerin zaɓen 'yan wasa. Idan aka riga ni ɗaukar taurarin nan Shohei Ohtani da Aaron Judge, wa zan ɗauka?

Mai lissafi: Bobby Witt Jr., ɗan'uwa. A 2024 ya yi hom-ron (bugun da mai bugu ke zagaye dukkan bes ya ci maki) 32, satar bes (rugawa zuwa bes na gaba ba tare da jiran bugu ba) 31, matsakaicin bugunsa .332. Babu rukunin da zai bar ka a baya. Juan Soto gwanin bugu ne, amma yawan tafiya bes ta farko ba tare da bugu ba da yake yi, tsarinku bai ƙirga shi. In da kuna ƙirga yawan isa bes ne, sai in ce Soto ba musu.

Tsohon hannu: Haka ne. Amma fa duba manhajarku tukuna: Yahoo tana raba Ohtani gida biyu, mai bugu daban, mai jifa daban. Wasu kan tsorata su bar shi. In ya gangaro gare ka, kar ka yi wata-wata. Mai bugun kaɗai ya yi hom-ron 54 da sata 59 a 2024.

Mai lissafi: Kuma kar masu jifa irin su Tarik Skubal ko Paul Skenes su ruɗe ka a nan. Gwiwar hannun mai jifa ba ta da tabbas. Mai jifa Spencer Strider wasa biyu kacal ya yi a 2024 aka yi masa tiyata. Tunda jerin zaɓen yana juyowa ne a kowane zagaye, na ƙarshe ya zama na farko, zaɓenka na gaba na 22 da na 27 ne. A can ka nemi mai jifa.