Yaranmu da suka girma a waje babu takarda: kowa ya faɗi abin da ya gani

Malamin lakol, Birni: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Muna so mu rubuta koke kan yaran Damagaram da aka fita da su tun suna goye, suka girma a ƙasar mutane ba su da takardar zama. Jita-jita ba za ta amfane mu ba. Wanda abin ya taɓa gidansa, ya faɗa mana yadda ya kasance.

Haifaffiyar Jidda, Garin Malam: Wa alaikumus salam Malam. Ni a Jidda aka haife ni. Kakata ce ta je aikin hajji ta zauna, uwata ma can ta girma. Ba mu taɓa riƙe igama ba, wato takardar zama, kuma a can haihuwa ba ta ba mutum ɗan ƙasa, sai ubanka ɗan ƙasa ne. Takari ake ce mana. Ban shiga makarantar gwamnati ba, a gidan wata malama na koyi karatu. In mun hango motar askarawa sai mu shige lungu, ko da ciwo ne ya fito da mu. Ina da shekara 19 aka kama ni a hanyar kasuwa, da ledar tumatir a hannuna. Aka tambaye ni ƙasata, na ce Nijar, don haka na ji ana faɗa a gida. Ranar da na sauka Yamai ce ranar farko da na taka ƙasar. Hausata ma dariya ake yi mata, rabinta Larabci. Uwata tana can har yau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na zo nan ma aka ce ina takardar haihuwata, ni kuwa ba a taɓa rubuta ni a ko'ina ba.

Direba, tashar Agadas: Allah ya sa ki gana da mahaifiyarki, ƙanwata. Ni na sha ɗauko waɗanda aka maido daga Aljeriya. Tun yarjejeniyar 2014 tsakanin Nijar da Aljeriya ake lodo su daga Tamanrasat, a sauke a Assamaka, a wuce da su Agadas. Yawanci matan Kance da Matamaye ne da yara. Na taɓa ɗauko wani yaro da bai fi shekara 12 ba, ya iya lissafin dinari sarai amma bai san dala ba, bai san sunan ƙauyen ubansa ba. Duk hanya yana tambayata yaushe za mu koma gida. Can yake nufi.

Dattijo, Zango: Ku yi mini haƙuri, amma a faɗi gaskiya. Laifin iyaye ne. Mun manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada bayan Arlit a 2013? Mafi yawansu mata da yara ne, daga nan yankinmu. In muka ce a ba yara takarda a can, ba mu ƙara wa masu kwasar yara zuwa bara ƙarfi ba?

Haifaffiyar Jidda: Baba, da girmanka, ba na musun laifin iyaye. Amma ni wa ya yi shawara da ni? A hukunta mai kai yara bara, na yarda. Wanda ya buɗe ido ya gan shi a can fa, me ya yi?

Ɗanku a Girinsboro, Amurka: Baba, a gafarce ni in sa baki. Nan garin ƴan Nijar suna da yawa, kuma abin yana cikin gidana. Ɗiyar yayana an zo da ita tana shekara 4, biza ta ƙare, suka zauna. Ƙanenta da aka haifa nan yana da fasfo, ita ba ta da komai, uwa ɗaya uba ɗaya. A 2012 Obama ya fito da shirin DACA: wanda aka shigo da shi kafin ya kai shekara 16, kuma yana ƙasar tun Yunin 2007, ba za a kore shi ba, za a ba shi izinin aiki. Ta samu, yanzu tana aikin jinya. Sai dai duk shekara 2 sai ta sabunta, kuma ba ya kai mutum ga zama ɗan ƙasa. Trump ya nemi soke shi a 2017, Kotun Ƙoli ta taka masa birki a 2020, sannan wata kotu a Texas ta hana karɓar sababbi a 2021. Dokar da za ta ba su zama na dindindin, wadda ake kira DREAM Act, tun 2001 take gaban majalisa ba ta wuce ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, ko wannan ɗan abin ba kyauta aka ba su ba. Yaran ne da kansu suka fito fili, suka faɗi sunayensu, suka ce ba mu da takarda kuma ba mu tsoro, suka zauna a ofisoshin ƴan majalisa har aka kama wasunsu. Ɗiyar yayan nawa, kakarta ta rasu a Birni, ba ta zo ta'aziyya ba don tsoron kada a hana ta komawa.

Ungozoma, Sabon Gari: Ni tawa ta gida ce. Mata da yawa suna haihuwa, a yi suna, a yanka rago, ba wanda ya je ya karɓo takardar haihuwa. In wa'adi ya wuce sai an bi ta gidan shari'a da shaidu. Yaron da ya fita babu takardar nan, ko ƙaramin jakadanmu ya so taimakonsa a waje, da me zai tabbatar ɗan Nijar ne? Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ce a rubuta kowane yaro da zarar an haife shi, kuma Nijar da Aljeriya da Saudiyya duk sun amince da ita. Malam, a sa wannan a koken.

Dattijo, Zango: Wannan kam na yarda. Ɗiyata ta Jidda, in shaidu kike nema, faɗa mini gidan su kakarki. Wataƙila na san dangin.

Malamin lakol, Birni: Madalla. Buƙatu biyu ke nan zuwa yanzu: alƙalai su riƙa zaman ba da takardar haihuwa ga waɗanda aka maido, sannan ofisoshin jakadancinmu su rubuta yaran da aka haifa a can. Muna jiran mutanen Libiya, ba mu ji daga gare ku ba tukuna.